Waya Bisa Sungumin Na'Allah

"Lafiya lau, amarya. Ya kwanan ƙafa?"

"Ƙafa ta kwana. Kai ne ban sani ba ko ka kwana da hankalinka. Mi wancan abu ke yi bisa sungumin mijina?"

"Mijinki ga shi zaune gabanki."

"Mijina na ƙwarai nike nufi, wanda ya san inda gona take."

Hantsi ne. Tasalla ta fito da buta a hannu, ta tarar da jikanta Maliki, ɗan ɗiyarta Fatu, zaune gindin rumbu da kwamfuta bisa cinya. Ya ɗaure wayarsa da igiyar rama a ƙarshen ƙotar sungumi, ya jingina sungumin da rumbu, wayar na can sama tana fuskantar arewa. A ƙauyensu na gefen Tsamaye, nan kaɗai rezon Nijar, wato sabis ɗin waya, ke taɓawa, shi ma sai ya ga dama. Sungumin na mijinta Na'Allah ne, Allah ya jiƙansa. Shekara shida ke nan ba wanda ya ɗauko shi daga bayan ƙofa.

Shekara uku a jere ruwa na ɗaukewa tun gero bai cika ido ba. Matan garin sun haɗa rumbun iri a gidan Larai, kowa ta kai abin da take da shi, a raba in shuka ta zo. Yau bayan Azahar za su taru, don tun shekaranjiya gabas ke haɗa baƙi. Abin da kowa ke jira shi ne gora guda da ke ƙarƙashin gadon Tasalla. Cikinsa sauran irin geron Na'Allah ne, mai nuna a kwana saba'in. Ban da goran nan, babu shi ko ƙwaya a garin. Ita kuwa ta ce ba ta bayarwa sai an nuna mata rubutun rumbu wanda ba a iya gogewa. Maliki, da ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ya ce ta ba shi kwana biyu. Yau ne na biyun, gobe da safe zai bi mota ya koma.

Ta aje butar, ta zauna bisa turmin da anka kwantar.

"To, maigida, an gama? In ɗauko mayafi in tafi in ba mata haƙuri?"

"Saura kaɗan."

"Jiya ma saura kaɗan. Ranar sunanka ma haka uwarka ta ce da anka tambayi hancinka, saura kaɗan ya fito. Ga mu nan muna jira."

"Hancin nan kinka gani kinka nace sai ni."

"Ni? Tausayi ne. Na duba garin ga kaf ban ga wadda za ta kwashe ka ba."

"To na gode. In na gama wanga aiki za ni sake ki, in auro mai haƙora."

"Ka fara ciyar da mara haƙora tukun. Kunu kawai nike sha, shi ma ya gagare ka."

Ya yi dariya, amma idonsa bai bar gilashin kwamfutar ba. Tasalla ta lura da haka. Ta lura kuma da yadda yake cizon leɓe, irin cizon da kakansa ke yi in ya duba sama ya ga hadari ya watse. Ta leƙa. Allon baƙi ne, rubutun boko fari tsibi-tsibi, can ƙasa kuma layi uku ja.

"Jan nan fa? Zagi ne?"

"Kusan haka."

"Faɗa mini mi ta ce. Ba a zagin mijina ban rama ba. Ni kaɗai ke da wannan izini."

Maliki ya sauke numfashi, ya gyara zama.

"Kaka, akwai wani abu ana ce mishi Git. Aikinshi guda ne. In ka rubuta abu yau, gobe ka canza, ba ya barin na yau ya ɓace. Yana aje na jiya, yana aje na yau, da sunan wanda ya canza, da ranar, da dalilin da ya bayar."

"Shi nike so."

"Na sani. To injinshi na cikin kwamfutar ga tun tuni. Manhajar da na rubuta ma matan rumbu kuma, da wani harshe na rubuta ta, ana ce mishi Python. Injin da wani harshe anka ƙera shi. Ba su jin juna. Sai an sa wani ɗan abu tsakani, manhajata ta riƙe shi, shi kuma ya riƙe injin."

Tasalla ta ɗaga kai ta dubi abin da ke jingine da rumbu.

"Ƙota."

"Na'am?"

"Hannu ba ya riƙe ƙarfe tsura ya yi shuka. Ƙota kake nema."

Shi ma ya ɗaga kai ya dubi sungumin.

"To. Ƙota. Ita nike ta fama in sa tun jiya."

"Shekara huɗu ana aika maka garin kwaki Sakkwato, ashe sassaƙa ka koyo. Da mun sani da mun kai ka gidan Bawa masassaƙi, ga shi nan bayan masallaci, ka riƙa dawowa cin tuwo."

"Bawa bai san Python ba."

"Kai kuma ba ka san ƙota ba. Shi ko banza yana da gemu."

"Ki bar ni in gama bayani, tsohuwa. Masu sabbin kwamfutoci, a haɗe suke samun abin, su sauko da shi su sa. Tawa tsohuwa ce, sai ta haɗa da kanta. In ta fara haɗawa sai ta duba injin, ta duba ƙotar, ta tsaya. Jan rubutun ga cewa yake ƙotar ta bana ce, injin kuwa na shekara uku da sunka wuce. Ba ta shiga."

"Kwamfutarka tsohuwa, injinka tsoho, matarka tsohuwa. Kai dai Allah ya yi ka da rabon tsofaffi."

"Biyu za ni canza. Ta ukun ta ƙi mutuwa."

"Sai na ga jikanka, in gaya mishi irin kakan da ya samu."

Akuya ta zo tana shinshinar igiyar cajin, Tasalla ta kore ta da gefen zane. Iska mai ɗumi ta taso daga gabas, ta kaɗa wayar bisa sungumi, ta kwanta. Daga gidan maƙwabta ana jin daka, amma dakan bana ba ya daɗewa, kafin ka saurara an gama.

"To yanzu mi za ka yi?"

"Za ni cire tsohon injin, in sauko da sabo. Shi ke nan sai su dace."

"Sabon yana ina?"

"Yana can. Sai rezo ya jawo shi."

"Babba ne?"

"Da ɗan girma. Yana tafe da 'yan rakiya, sai an sabunta wasu abubuwa tare da shi."

"Har yaushe?"

"Awa uku, in rezo ya tsaya."

"Rezon ga da ke zuwa kamar baƙon kunya, ya leƙo ya koma? In bai tsaya ba fa?"

Maliki ya sosa ƙeya.

"In ya yanke tsakiya, sai in zauna haka nan. Ba tsoho, ba sabo."

"Kamar bara," in ji Tasalla.

Ta faɗe shi a hankali, ba da muryar wasa ba. Yatsun Maliki sunka tsaya bisa madannai.

Bara shi ne ya rubuta ma matan jerin buhunan rumbu a kwamfutar nan: buhu na ɗaya wane iri, na biyu wane iri, har goma sha ɗaya. Tasalla ta kai buhu guda na irin Na'Allah, ta bar gora ɗaya a ɗaka. Da anka yi ruwan shuka, mata tara sunka karɓi abin da takarda ta ce irin Na'Allah ne. Ruwa ya ɗauke a kwana sittin da 'yan kai, gonakinsu ko kai ba su fid da ba. Sai magana ta bi gari cewa irin Na'Allah ya mutu tare da mai shi. Maganar ta iske Tasalla. Ta bari har wata ranar Talata, ta taka da sandarta zuwa gonar Habi, ɗaya daga cikin matan taran, ta tsaya cikin karan. Ya wuce kanta da kamu biyu. Irin Na'Allah kuwa bai taɓa wuce kafaɗarta ba. Maiwa ce anka ba su, mai son ruwa har ƙarshen damina. Buhun na gaskiya an bayar da shi da sunan maiwa, waɗanda sunka karɓa sunka ga ba shekarar maiwa ba ce, sunka daka shi sunka sha kunu.

"Kin sani," in ji Maliki. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Na auri manomi shekara arba'in da ɗaya. Ka ce ban san maiwa ba?"

"Buhu guda anka ƙaro daga baya, na sa shi a saman jeri. Na goge jerin na sake rubutawa don ya yi kyau. Sai na huɗu ya koma na biyar. Da na gane, an riga an shuka. Na nemi tsohon rubutun in duba, babu. Ni na goge shi da hannuna."

"Na sani."

"Mi ya hana ki faɗa?"

"Mace ba ta tona asirin mijinta a bakin rijiya, ko da mijin na banza ne." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Jira nike in ga ko za ka faɗa da kanka. Sai ka dawo da wata dabara, wai rubutun da ba ya goguwa. Na ce to, yaron ga cikinshi na ciwo, ta nan ya ɓullo."

Maliki ya sunkuyar da kai. Ta bar shi ya sunkuya ɗan lokaci, don ta ga yana bukata. Sannan ta miƙa ƙafa ta taɓa ƙarfen sungumin da babban yatsa.

"Ka ga ƙarfen ga? A Turba anka ƙera shi, shekarar da anka haifi uwarka. Ƙotar ga ita ce ta huɗu. In ƙota ta karye, kakanka ba ya zuwa kasuwa neman ƙota mai kyau. Ƙarfen yake sa wa a aljihu ya kai ma masassaƙi, ya ce a sassaƙo mishi daidai wanga. Ƙanenshi Wada kuwa, Allah ya gafarta mishi, ɗan gayu ne irinka. Wata shekara ya je Isa ya sayo ƙota sabuwa, santsi kamar an shafa mata man shanu. Ya zo, ta ƙi shiga ƙarfenshi. Ya ce ƙarfen ne ƙauye. Ya sa guduma zai buɗa shi, ƙarfe ya tsage biyu. Daren nan anka yi ruwan shuka. Da safe kowa na gona, Wada na bin gidaje yana aron sungumi, da ƙotarshi mai santsi a kafaɗa."

Maliki ya yi dariya duk da halin da yake ciki.

"Yanzu ni ne Wada?"

"Wada ya fi ka tsawo. Tambaya nike. Masu sassaƙa ƙotar taka, in sun yi ta bana, ta bara wuta suke sa mata?"

"A'a, ai suna..." Ya tsaya. Ya dube ta. "Suna aje su. Duka. Tun ta farko. Ai da Git ɗin ma suke aje su."

"To?"

"To sai in duba lambar injina, in nemo ƙotar da anka yi ma wannan lambar."

"Sa'arshi. Ka nemo mishi sa'arshi, ka bar ɗaura ma tsoho abin da ba ya iya ɗauka."

"Kuma ƙarama ce, ba ta kai hoto biyu ba." Ya buga goshi da tafin hannu. "Kwana biyu! Kaka, kwana biyu ina neman sabo."

"Haka kuke. In an ce muku sabo, ko ciwo ne sai ku miƙa hannu."

Ya riga ya duƙufa. Ya buga wani abu gajere, kwamfutar ta ba shi lamba, ya rubuta ta da tsinke a ƙasa kusa da tabarma don kar ya manta. Ya ɗaga kai ya dubi wayar.

"Rezo ya tafi."

"Ya ji za ka yi abin kirki, ya firgita."

"Sai an ƙara ɗaga ta. Amarya, taimaka."

"In yi mi?"

"Ki ɗaga sungumin sama. Ni hannuna na kan aiki."

"La'ilaha illallahu. Ni Tasalla, da na yi jika goma sha huɗu, in tsaya tsakar gida ina nuna ma Nijar waya?"

"In ba ki ɗaga ba, sai in gaya ma mata ke kinka hana."

"Ka ga mugun miji. Kakanka ko tulu bai taɓa bari na ɗauka ba in yana gida."

"Shi ya sa kinka lalace."

Ta tashi da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta kama ƙotar da hannu biyu. Wurin da hannun Na'Allah ya saba riƙewa ya yi baƙi ya lotsa kaɗan, hannunta ya faɗa daidai wurin ba tare da ta nema ba. Ta yi bisimilla ta ɗaga.

"Ƙara."

"Na ƙara."

"Hagu kaɗan. A'a, hagunki. Yawwa! Tsaya nan. Kar ki motsa. Kar ki yi numfashi."

"In mutu ka gaji mi? Akuya guda da tabarma?"

"Da gora."

"Goran ga ko a mafarki."

Jamilatu, ɗiyar Larai, ta leƙo ta kan danga da saƙon uwarta, ta ga tsohuwa tsaye da sungumi sama kamar mai kakkaɓo kanya. Ta toshe baki.

"Kaka Tasalla, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Mijina nike ma aiki. In kin tashi aure ki duba da kyau."

"Inna ta ce in tambaya, a sa rai da goran?"

Tasalla ba ta sauke hannu ba.

"Ce mata a sa rai da Allah. Ni ina zuwa bayan Azahar, ko da gora ko ba gora."

Jamilatu ta tafi. Hannuwan Tasalla sun fara gajiya. Ta kafa ido ga gabas, inda baƙin ya ƙara tashi sama da kan gawon bakin gari. A ranta tana lissafin kwana saba'in daga gobe, ta ga inda zai faɗa, ta ce Allah ka kai mu.

"Ta sauko! Sauke, Kaka, sauke."

Ta sauke sungumin a hankali, ta jingina shi, ta koma bisa turmi tana haki. Kwamfutar ta fara wani huci, rubutu na gudu daga ƙasa zuwa sama, fari, fari, fari. Maliki ya haɗa hannu biyu a baki.

"Yanzu mi take yi?"

"Tana sassaƙawa. Tana gwada ƙotar da ƙarfen."

"Hucin fa?"

"Tsufa. Ke ma ga shi kina yi."

"Ni aiki na yi. Kai da ka zauna, mi ya jiƙa maka riga?"

Rubutun ya tsaya. Tasalla ta leƙa. Ba ta iya karanta boko ba sai ɗan sunanta, amma ta san ja in ta gan shi. Babu ja. Layi ɗaya ne a ƙasa, fari, gajere.

"Ta shiga," in ji Maliki. Ya faɗe shi kamar mai tsoron a ji. "Alhamdu lillahi. Kaka, ta shiga."

"Ban ga komi ba. Nuna mini da ido."

Ya buɗe manhajar, ya juyo da kwamfutar wajenta.

"Ga gwaji. Za ni rubuta, Tasalla ta fi matan Gobir kyau."

"Wannan ba gwaji ba ne, shaida ce."

"Na aje. Yanzu za ni canza. Tasalla haƙoranta biyu, su ma ba su ga maciji da juna."

"Kai! Goge!"

"Dakata. Kin ga na farkon ya tafi, ko? To duba." Ya taɓa wani wuri. Layi biyu sunka fito, ɗaya bisa ɗaya, kowane da lokacinsa a gefe. Ya bi su da yatsa. "Ga abin da anka fara rubutawa. Ga abin da anka canza. Ga sunan wanda ya canza, Maliki. Ko sau ɗari anka canza, duk suna nan a jere."

Tasalla ta daɗe tana kallo. Ta gane sunanta a layi na sama, ta gane shi a na ƙasa.

"To na gani. Yanzu goge na ƙasan."

"Manhajar ba ta da wurin gogewa. Ban sa mata ba. Sai dai a rubuta gyara a ƙarƙashi. Kuma kafin in tafi za ni zuba kwafi a wayar Jamilatu, ko kwamfutar ga ta faɗa rijiya yana nan."

"Wato zagin haƙorana ya zauna ke nan har tashin kiyama?"

"Ke kinka ce a yi wanda ba ya goguwa."

"Allah ya isa tsakanina da kuɗin makarantarka."

Ya yi dariya har da kwanciya bisa tabarma. Sannan ya tashi zaune, ya share ido, ya buɗe sabon shafi.

"To bari in fara na gaskiya. Rumbun irin mata, shekarar bana. Buhu na ɗaya..."

"A'a."

"Mi kuma?"

"Ba daga bana za ka fara ba."

Ya dube ta. Ta ga ya gane, ta ga kuma yana fatan bai gane ba.

"Kaka, an wuce wurin. Mu fara da fari tas."

"Fari tas ɗin ne ya kai mu nan. Ka ce abin ga yana aje wanda ya canza da dalili. To ya fara da kai. In ka fara shi da ɓoyo, mi ya raba shi da takardar bara?" Ta nuna madannan da haɓa. "Rubuta. Bara, buhu na huɗu irin Na'Allah ne. Maliki ɗan Fatu ya goge jeri ya sake, ya mai da shi na biyar. Abin da mata tara sunka shuka maiwa ce. Irin Na'Allah bai mutu ba."

Can waje wani ya wuce da jaki, ana jin ƙarar jarkoki babu ruwa.

"In na rubuta, Jamilatu za ta karanta musu."

"Ba Jamilatu ba. Kai za ka karanta, da bakinka, kana tsaye."

"Habi za ta cinye ni ɗanye."

"Za ta zage ka. Ka ci zagin. Ita yunwa ta ci, da 'ya'ya biyar."

Ya sa hannu bisa madannai. Ya rubuta a hankali, yana faɗin kowace kalma a fili don ta ji ba a rage ba. Da ya kai sunansa ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Da ya kai "bai mutu ba" muryarsa ta sarƙe, ya yi gyaran murya ya ce ƙura ce. Tasalla ta ce ƙwarai, ƙura ta yi yawa bana, ta juya ta share nata idon da bakin mayafi.

"Na aje," ya ce. "Ya zauna."

"Nuna mini sunanshi."

Ya nuna mata. Ta sa yatsa bisa gilashin, wurin da anka rubuta Na'Allah, ta bar shi nan kaɗan. Sannan ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗaka.

Ta fito rungume da gora, bakinsa toshe da tsumma da toka. Ta zauna, ta buɗe, ta shinshina. Ta karkata shi ta cika tafin hannunta, ta juye a gefen zane, ta ƙara tafi guda, ta ƙulle tam. Sauran ta toshe ta miƙa masa.

"Hannu biyu. Ba kwamfuta ba ce."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi ƙullin zanenta.

"Wancan fa? Har yanzu ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai. Amma ba a fid da tsoho duka sai sabo ya tsaya da ƙafarshi. Yanzun ga ka koya, har ka manta? Rubuta shi ma. Tasalla ta ba da gora, ta riƙe tafi biyu."

"Dalili? Yana tambayar dalili."

"Ce mishi mijinta na yanzu ba abin dogaro ba ne."

Maliki ya rubuta, yana girgiza kai.

"Na faɗi, amarya. Yau kin kada ni. Sakin ma na janye."

"Wa ya roƙe ka? Kwance wayarka daga sungumin mutane. In an yi ruwa daren ga, gobe ba mota za ka bi ba. Gonar Habi za ka, da shi a kafaɗa, ka sare mata rami tana zuba iri."

"Ban iya ba."

"Ƙotar ta iya. Kai dai riƙe inda ya yi baƙi."

Ladan ya fara gyaran murya a lasifikar masallaci. Tasalla ta ɗauki butarta, ta yi taku biyu, ta juyo.

"Maliki. Waccan magana ta haƙora. Da gaske tana nan?"

"Tana nan, Kaka. Ƙarƙashin ta kyau."

"Ta kyau ce a sama?"

"Ita ce ta farko."

Ta kai hannu za ta rufe baki kamar yadda ta saba in dariya ta zo mata. Sai ta fasa, ta sauke hannun, ta yi dariyarta da haƙoranta biyu a waje.